Sifana Lamba Goma

Ku 'ya'yan Yaya Nura, da ke Hafsa 'yata da har yanzu ba ki iya haɗa baƙi ba, wannan babin naku ne. Na san ban kai shekarun da ake zama a rubuta tarihin rayuwa ba, talatin da ɗaya gare ni. Amma ranar sadakar arba'in ɗin Baba ina tsakar gida ina kwashe shinkafa na ji wata a cikinku, ba zan kama suna ba, tana gaya wa ƙawarta wai Anti Ummi ce ta ƙona motar Kaka, ta kuma kunyata shi gaban mutane har ya bar sana'arsa. Rabin maganar ƙarya ce, rabi gaskiya. In na ce sai na yi furfura zan gyara, kafin nan ƙaryar ta zauna daram. Kun kuma sha tambayata me sifana take yi a jakata tare da man leɓe da katin wurin aiki. To ga amsar, sau ɗaya zan faɗa.

Kakanku Malam Idi makanike ne. Ya kusa shekara talatin a garejin wata masaƙa a Bompai yana gyaran motocin kamfani. Da masaƙar ta rufe aka sallame su, abin da ya dawo da shi gidanmu na Panshekara shi ne koren akwatin ƙarfe mai kwaɗo, cike da kayan aiki. Bai buɗe gareji ba. Ranar Asabar kawai, da an idar da sallar asuba an sha koko, sai ya fito da akwatin gindin darbejiyar ƙofar gida, maƙwabta su jero motocinsu. Yawancinsu ma'aikatan majemar fata ne na Challawa da direbobin kamfanonin Sharada. Goro suke kawo masa, wani sabulu, wani godiya kawai. Shi ba don wannan yake fitowa ba. Asabar ɗin nan ita ce abin da ya rage masa na zama mutumin da ake nema. Yana da wani guntun tiyo baƙi, tsawon kamu ɗaya da rabi. Ya sa baki ɗaya a kunnensa, ɗayan ya riƙa yawo da shi a jikin inji, idonsa a rufe. Kafin mai mota ya gama ba da labarin abin da ke damunta, Baba ya faɗi ciwon. Ban taɓa ganin kunnensa ya yi kuskure ba, kuma ni ba mai yabon mutum don ubana ne ba.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa gida ke kirana Ummi. Shi kuwa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Shekarar da nake so in ba ku labari ina da ashirin da huɗu, ban yi aure ba, ina aiki a sito na wani kamfanin robobi a Sharada, ina rubuta kayan da suka shiga da waɗanda suka fita. Tsohuwar motar Baba mai kabureta ta gaji, ƙasanta ya ruɓe har kana hango titi ta gefen ƙafarka. Sai babanku, Yaya Nura, ya sayo masa wata 'yar Kwatano, ta hannu ce amma ta zamani, don ya riƙa zuwa Juma'a yana kai Mama asibiti ganin likitan hawan jini. Ranar da aka kawo ta Baba ko kujera bai duba ba, bonet ya ɗaga. Wani baƙin murfin roba ya rufe komai, wayoyi sun fito ta gefe kamar kitson da aka fara aka bari. Babu kabureta. Fulogi ma sai ka tono su.

"Nura," ya ce, "mota ka sayo ko akwatin talabijin? Ina injin?"

"Yana ciki, Baba. Ai waɗannan ba a taɓa su. Ƙwaƙwalwa gare su, ita ke lissafa mai da iska da wuta."

"To ni tawa ƙwaƙwalwar fa, in kai ta kasuwa?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma na ga hannunsa yana shafa murfin nan yana neman inda zai kama, bai samu ba.

Wata biyu da zuwanta batir ya fara sanyi, sai an tura da safe. Wata Asabar na tashi na wanke ta, jikinta kawai da tayoyi, bokiti biyu da soso. Bonet ko taɓa shi ban yi ba. Na gama ke nan Baba ya fito, maza huɗu na zaune a kan benci, cikinsu har da Malam Tanimu, maƙwabcinmu mai kula da ma'aikatan dare a majema, aminin Baba tun suna samari. Baba ya ce zai gwada caja, wato abin da ke cika batir in inji na tafiya. Yadda tsofaffin makanikai suke gwadawa shi ne a tayar da mota, a kwance kan batir ɗaya a ɗaga shi inji na aiki. In motar ta ci gaba, caja lafiya. In ta mutu, caja ce. Baba ya yi wannan sau ɗari a gabana. Ya ɗauko sifana lamba goma, ita ce daidai notin kan batir, ya kwance, ya ɗaga. Fitilun gaban direba suka yi wal-wal gaba ɗaya, injin ya yi gurnani ya sauka, ya mutu. Ya mayar da kan batir ya murɗa makulli. Shiru. Aka tura. Shiru. Aka kawo batirin Malam Tanimu aka haɗa, injin na juyawa amma ko tari bai yi ba.

Sai ɗaya daga cikin mutanen ya dubi ƙasa ya ga laima.

"Wa ya wanke motar nan?"

"Ni ce," na ce.

"Shi ke nan. Ruwa ya shiga ƙwaƙwalwa. Motocin yanzu ba sa son ruwa."

"Ban buɗe bonet ba."

"Ai ruwa ba ya neman izini, 'yata."

Na dubi Baba. Yana goge sifanar da tsumma, yana ta gogewa alhali babu komai a jikinta. Bai ce ni ce ba. Bai ce ba ni ba ce.

Aka ja motar zuwa wurin mai wayarin, ya ce ƙwaƙwalwa ta ƙone ƙurmus, sai an sake wata. Yaya Nura ya sake, ya zo gida ya wanke ni tas a gaban Mama, har da cewa iyayina ya yi yawa, wa ya aike ni. Wata huɗu ina shan wannan. A gidan biki a ce ga mai wankin mota. Ƙanwar Mama ta ce kar a bar ni kusa da firij ɗinta da bokiti. Ni kuma ba a yi ni da haƙuri ba, kowa ya sani.

A kamfaninmu akwai garejin motocin rarraba kaya, mai kula da shi Malam Isufu, mutumin Damagaram, dogo mai sanyin magana. Wata rana lokacin cin abinci na bar kwanona na tafi wurinsa na tambaye shi kai tsaye ko wanke jikin mota na ƙona ƙwaƙwalwa.

"In haka ne da damina ta ƙare da matocin Kano," ya ce. Shi mato yake cewa. "Me aka taɓa kafin ta mutu?"

Na gaya masa.

"An ɗaga kan batir inji na tafiya?"

"E."

"Awo. To ba sai an yi bincike ba. Batir shi ke shanye hawan wuta. In aka cire shi, sai wutar caja ta yi tsalle ta faɗa kan ƙwaƙwalwa. Tsohuwar mato ba ta da abin ƙonewa, shi ya sa dattawa suka saba. Wane ne ya yi?"

Na kau da kai. Ya dube ni ya ce to Allah ya kyauta.

Na dawo gida da zafina na samu Mama a madafa tana tankaɗe. Na zayyane mata. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Na sani," ta ce.

"Kin sani?"

"Ban san wata ƙwaƙwalwa ba. Fuskarsa na gani da ya shigo. Shekara talatin da biyar ina kallon fuskar nan."

"Kuma kika bari Yaya ya zage ni?"

"Ke zagin zai wuce, ki yi aure ki manta. Shi in aka ce hannunsa ya kashe mota, me ya rage masa? Ki bar shi a haka, Ummi. Ɗa yana ɗaukar wa uba abin da ya fi wannan."

Na bar shi. Wallahi na bar shi, mako uku cur ban ce uffan ba, kuma ku da kuka san ni kun san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Da na yi hankali da a cikin makonnin nan na samu Baba shi kaɗai na gaya masa. Ban yi ba. Fushi nake, ina jira ya fara.

Sai Malam Tanimu ya sake mota, shi ma ta zamani, wadda ya daɗe yana tari don ita. Asabar ya kawo ta gindin darbejiya yana cewa batir na yi masa wasa. Ina fitowa da butar shayi da zan kai musu na ga bonet a ɗage, inji na tafiya, Baba ya sunkuya, lamba goma na kan notin batir. Ya riga ya yi murɗa ɗaya. Mutum biyar ne a wurin.

"Baba, kar ku cire!" na ce. "In kun cire za ta ƙone."

Hannunsa ya tsaya. Da a nan na yi shiru, da babu wannan babin. Amma bakina ya riga ya buɗe, wata huɗu na biye da shi.

"Abin da ya ƙona taku ke nan. Ba ruwan da na zuba ba ne, kuma kun sani."

Ku lura da kyau, don a nan gaskiyar take. Magana biyu na yi. Ta farko don motar Malam Tanimu na yi ta, kuma ko yau aka mayar da ni wurin zan sake yi da ƙarfi fiye da haka. Ta biyu don kaina na yi ta. Ita ce ban da hujja a kanta.

Malam Tanimu ya sa ido a kan takalminsa. Baba ya ɗaure notin da ya sassauta, a hankali, ya sauke bonet, ya jera kayansa cikin akwati ɗaya bayan ɗaya, har guntun tiyon, ya danna kwaɗo. Ya ce da Malam Tanimu ya kai ta wurin masu kwamfuta. Ya ɗauki akwatin da kansa ya shige gida. Makullin motarsa ya rataye a ƙusar zaure, daga ranar a daidaita sahu yake kai Mama asibiti.

Asabar ta zagayo bai fito ba. Ta sake zagayowa bai fito ba. Mutane suka zo sau biyu, sau uku, suka daina. Benci ya yi ƙura, awakin maƙwabta suka mayar da gindin darbejiya wurin kwanciya. Baba ya koma zaman ɗaki da rediyo. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. In na gaishe shi ya ce lafiya. In yana son ruwa ya ce da Mama a gaya wa yarinyar nan. Uwata ta ɓace daga bakinsa kamar ba a taɓa yin ta ba. Rigunansa suka fara yi masa yawa, tuwon da yake cinye malmala biyu ya koma gutsura ɗaya. Yaya Nura ya daina amsa wayata. Mama kuwa kalma ɗaya ta gaya mini, ta ishe ni.

"Kin samu gaskiyarki. Sai ki dafa mana ita mu ci."

Na ba shi haƙuri sau biyu, na durƙusa har ƙasa. Ya ce ba komai, Allah ya yi albarka, ya ƙara muryar rediyo. Nan na gane haƙuri ba zai fito da shi ba. Ba fushi da ni ne ya kwantar da shi ba, ya yarda ne cewa zamaninsa ya wuce, ni kuma na sanar a bainar jama'a. Na ce a raina ni na shigar da mutumin nan ɗaki, ni zan fito da shi, ko zai ɗauke ni shekara.

Na koma wurin Malam Isufu. Yana da wata na'ura da ake soka wa mota a ƙarƙashin sitiyari, ta yi magana da ƙwaƙwalwa ta rubuto abin da ke damunta. Matsalarsa ita ce shi Faransanci ya yi a makaranta, na'urar kuma Turanci take rubutawa, sai dai ya haddace lambobi. Muka yi ciniki: ni in karanta masa, shi ya koya mini. Kullum lokacin cin abinci ina gareji, hijabina a ɗaure ta baya, ina cin gurasa a tsaye. Direbobi suka yi ta tsokana, wai sito ya ƙare ne aka turo mana injiniya. Na ce da ɗayansu in ya iya karanta abin da na'urar ta rubuta in ba shi wuri. Bai ƙara ba. Wata biyar ina wannan. Na koyi cewa injin yanzu cike yake da 'yan aike, senso ake ce musu, wannan na auna iska, wannan zafi, wannan hayaƙi, duk suna kai rahoto wurin ƙwaƙwalwa. Na koyi gwada caja da mita, waya ja da baƙa a kan batir, ba a kwance komai ba. Na sayi ƙaramar na'ura irin wadda ake haɗawa da wayar hannu, da mita tawa.

Ran nan na sauke makullin daga ƙusa. Motar ta daɗe a ajiye, Malam Isufu ya cika mini batir. Da ta tashi sai ga ta tana kakkarwa, inji na hawa yana sauka kamar mai haki, wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba. Na soka na'ura. Ta ce iska ta yi wa mai yawa. Malam Isufu ya ce in bi a hankali in duba kafin in sayi komai. Ni da bi a hankali? Na sayo senso mai auna iska na sa. Tana nan tana kakkarwa. Asabar ta biyu na sake fulogi. Tana nan. Na zauna a kan bencin ina kallon murfin robar nan kamar in fasa shi da dutse.

A nan dabara ta zo mini, kuma ba na jin kunyar faɗa. Tagar ɗakin Baba tana kallon darbejiya. Na san mutumin da ya yi shekara talatin yana sauraron inji ba zai iya jin inji na kuka ya zauna lafiya ba, kamar yadda ungozoma ba ta iya wuce gidan da ake naƙuda. Asabar ta uku na matso da motar dab da tagar, na tayar, na bar ta tana haki tun hantsi. Na ji an ƙara muryar rediyo. Na taka mai na saki, ta yi kamar za ta mutu ta farfaɗo. Mama ta leƙo.

"Ke, hayaƙin nan fa? Kashe mu za ki yi?"

"Gyara nake, Mama."

"Gyaran gidanku. Tun ɗazu abu ɗaya kike yi."

"To ban iya ba ne. A gidan nan akwai wanda ya iya?"

Ta dube ni, ta dubi tagar, ta saki labule. Ranar bai fito ba. Amma da azahar da zai wuce masallaci na ga ya rage tafiya a gefen motar, kansa a karkace.

Asabar ta huɗu na sake. Minti ashirin ba a yi ba rediyo ya mutu. Na ji ƙarar kwaɗo. Sai ga shi da singileti da hula, akwatin a hannu ɗaya, tiyo a ɗayan. Bai dube ni ba.

"Mako huɗu," ya ce, "mako huɗu ana azabtar da baiwar Allah a kunnena. Matsa."

Na matsa. Ya sa tiyo a kunne, ya rufe ido, ya fara bi. Gaba, gefe, ƙasa. Ya zo bayan injin, wajen da murfin ya rufe, ya tsaya. Ya koma baya ya dawo wurin.

"A cire wannan faifan."

Notinan murfin lamba goma ne. Ya buɗe akwati, hannunsa ya je kan lamba goma ya tsaya. Muka tsaya mu biyu muna kallon sifanar nan. Sai ya ɗauko ya miƙo mini ta gefe.

"Kwance."

Na kwance, muka ɗaga murfin. Ya zura tiyonsa, sannan ya zura yatsa ya lanƙwasa wata 'yar siririyar roba da ke maƙale a baya. Ta tsage ta ƙasa, inda ido ba ya gani. Ya toshe tsagar da babban yatsa. Nan take injin ya daidaita, ya koma wani lallausan sauti kamar kyanwa na barci. Ya ɗaga yatsa, haki ya dawo. Ya mayar, ya tafi.

"Iska take sha ta nan," ya ce. "Ɓarauniyar hanya."

Na miƙa masa wayata, na karanta masa abin da na'urar ta rubuta tun makon farko: iska ta yi wa mai yawa. Ya karɓa ya nisanta ta da idonsa, ya juya ta.

"Tun yaushe ta gaya miki?"

"Mako huɗu."

"Kika sayi me?"

"Senso. Da fulogi."

"Fulogi!" Ya yi tsaki. "To abin naki ya san ana ciwo, bai san inda ke ciwon ba. Ke kuma ba ki tsaya kin tambayi mara lafiyar ba."

Ya yanko roba daga cikin tarkacensa ya sa, na goge fitilar da na'ura, ba ta dawo ba. Muka tsaya muna jin injin. Can, yana kallon batir ba ni ba, ya yi tambayar da na san ta fi masa ɗaga akwatin nan nauyi.

"Yanzu da me ake gwada caja?"

Na ɗauko mita na nuna masa, ja a nan, baƙa a nan, ga lambar da za ta nuna in lafiya. Ya ce in sake. Na sake. Ya karɓa ya yi da kansa sau biyu. Na goge sifanar na miƙa masa zai mayar akwati, sai ya ture hannuna.

"Uwata, riƙe wannan a wurinki. Hannu yana da nasa tunanin, ya saba. Duk ranar da na ce ki ba ni, ki tambaye ni me zan yi da ita. In ban faɗa ba, kar ki bayar."

Wata bakwai rabon da in ji sunan nan. Ban yi kuka a gabansa ba, na ce to, na shige bayan gida na yi abina.

Kada ku ɗauka komai ya koma yadda yake. Cikin mutanen da ke wurin ranar da na yi magana, biyu ba su ƙara kawo mota ba har ya rasu. Baba bai taɓa tsayawa gaban kowa ya ce shi ya ƙona motar ba, ni kuma ban ƙara nema ba, shi ya sa har yau babanku yana da nasa labarin. Bai ƙara ɗaga bonet ɗin motar zamani shi kaɗai ba, sai ina tsaye. Mutumin da a da shi kaɗai ya ishi layi guda, ya koma jiran 'yarsa ta gama wanke-wanke. Na san wannan ya ci shi, ko da bai faɗa ba, kuma bakina ne ya jawo. Amma ya fito. Shekara shida muka yi a gindin darbejiyar nan, ni da waya, shi da tiyo. Da na yi aure na tare a Sharada, sharaɗi ɗaya na kafa wa baban Hafsa: Asabar ta Panshekara ce. Malam Tanimu ne ya fara dawowa, ya kuma jawo wasu. In na karanta abin da na'ura ta ce, Baba ya ce to mun ji ta bakin malamar asibiti, bari mu ji ta bakin mara lafiya.

Da aka zo raba kayansa babanku ya buɗe koren akwatin ya jera sifanu, ya ga daga tara sai sha ɗaya. Ya tambaya, na ce tana wurina, ba kuma za ta shiga rabo ba, don tun yana raye ya ba ni. Ya buɗe baki, Mama ta ce a bar mini ita.

Asabar ɗinsa ta ƙarshe a ƙofar gida, mako uku kafin ya kwanta, motar Malam Tanimu ce a gabanmu. Hannunsa ya riga ya fara rawa, amma kunnen na nan. Ya saurara ya saurara, ya miƙo tafin hannu ba tare da ya waiwayo ba.

"Uwata, lamba goma."

Shekara shida, bai taɓa nema na fasa tambaya ba. Ranar ma ban fasa ba.

"Me za ku yi da ita, Baba?"

Malam Tanimu ya fashe da dariya. Baba ya girgiza kai.

"Murfi zan kwance, ranki ya daɗe. Ko sai na kawo shaidu?"

Na ba shi. Ya kwance notinan huɗu a hankali, ya goge ta a gefen rigarsa, ya juyo ya sa mini ita a hannu ya danne yatsuna a kai.